Shiga Makaranta Daban, Fitowa da Takarda Daban

Jawabin kwamitin ilimi a taron ƙungiya



An ba mu minti goma sha biyar mu yi magana a kan yaranmu da ke shiga manyan makarantu amma ba su gamawa. Kafin mu zo gida, ku ba mu dama mu kai ku Amurka, don akwai abin da ya faru a can wanda ya kamata a ji.

A Amurka akwai wasu makarantu na shekara biyu da suke kira kwalejin al'umma. Ta farko ta gwamnati an buɗe ta a garin Joliyet na jihar Ilinoy a 1901, yanzu kuwa sun kai kimanin dubu. Makarantun talaka ne. Ba a cika korar mai neman shiga ba, kuma ɗalibansu da yawa ma'aikata ne, wani direba, wata mai goyo, wani baƙo ne da bai daɗe da sauka ƙasar ba. Jiha da ƙaramar hukuma ne ke ɗaukar babban kaso na nauyinsu.

To, da tattalin arziki ya karye a 2008, mutane suka rasa aiki, sai suka kwararo makarantun nan don su koyi wata sana'a. A daidai lokacin ne kuma jihohi suka soma yanke musu kuɗi. A Kaliforniya kaɗai an zabtare wajen dala biliyan ɗaya da rabi tsakanin 2007 da 2012. Aka sallami malaman wucin gadi, aka rage azuzuwa da kusan kashi ɗaya bisa biyar, kuɗin kowane awon darasi ya tashi daga dala 20 zuwa dala 46. Ɗalibi yana da takardar shiga a hannu amma babu gurbi a ajin da yake buƙata, sai a ce ya jira zango mai zuwa. Mai iyali kuwa idan ya jira sau ɗaya, sau biyu, ai ya tafi ke nan. Sai a Nuwamba 2012 masu zaɓe a jihar suka yarda a ƙara haraji don a ceto makarantu.

Wasu masana biyu, David Deming da Christopher Walters, sun bi sawun wannan al'amari, suka fitar da bincikensu a 2017. Abin da suka gano shi ne, ƙara kuɗin da ake kashewa wajen koyarwa da kula da ɗalibi yana ƙara yawan masu gamawa, alhali rage kuɗin makaranta shi kaɗai bai nuna wani tasiri sosai ba. Mu kanmu abin ya ba mu mamaki, don kullum kukanmu a kan kuɗin rajista yake.

Amma labarin da muka fi so ku riƙe na birnin Niyok ne. A 2007 jami'ar birnin, wato CUNY, ta fara wani shiri mai suna ASAP a kwalejojinta. Sharaɗi aka gindaya wa ɗalibi: ya yi karatu cikakken lokaci, ya riƙa ganin mai ba shi shawara a kai a kai. Shi kuma a cike masa abin da ya saura na kuɗin makaranta, a ba shi littattafai, a ba shi katin shiga jirgin ƙasa da bas kyauta. Kuɗin mota fa, jama'a! Wata cibiyar bincike mai suna MDRC ta ɗauki ɗalibai 896, ta raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Bayan shekara uku, kashi 40 cikin ɗari na 'yan shirin sun karɓi takardarsu, na ɗaya ɓangaren kashi 22 kacal. Aka sake gwadawa a jihar Ohayo, aka samu 35 da 19. Shirin yana da tsada, ba mu ɓoye ba, an fi kashe wa kowane ɗalibi kuɗi. Sai dai da aka raba kuɗin a kan waɗanda suka gama, kowace takarda ta fi sauƙi.

Yanzu mu dawo unguwa. Ba mu ce mu da Amurka ɗaya ba ne, amma yaron da ke barin kwalejin kimiyya da fasaha ko kwalejin horon malamai a nan, kowa a zauren nan ya san shi. Ranar da ya sami gurbi an yi murna, an yi karo-karo an biya rajista, sai kowa ya watse. Makarantun jiha da yawa sukan caji wanda ba ɗan asali ba fiye da ɗan ƙasa, ko da kakansa a nan aka haife shi. Tun da aka janye tallafin mai a Mayu 2023 kuɗin mota ya zama wani abu daban. Yaro ya fashi aji yau, ya fashi gobe, ya faɗi darasi ɗaya, kunya ta hana shi faɗa a gida. Kafin ka ankara yana kara yana dillanci, ko ya hau acaɓa. 'Yan mata kuwa ba a ma jin labarinsu, sai dai a ce an fasa. Laifin kwamitinmu ne ma a ciki, don lissafin masu shiga muke kawo muku kowace shekara, ba mu taɓa kawo na masu fita ba.

Abin da muke roƙo ga shi. Kuɗin tallafin da ƙungiya ke bayarwa dunƙule a farkon shekara, a raba shi, a riƙa ba yaro na mota wata-wata, da sharaɗin ya kawo sakamakonsa kowane zango. Kowane ɗalibi a haɗa shi da babba guda, wanda ya yi karatun nan ya gama, su riƙa zama ko sau biyu ne a wata. Masu motocin haya da ke cikinmu, kujera ɗaya da safe ba za ta karya ku ba. Gwamnatin tarayya kuma ta fara ba ɗalibai bashin karatu ta asusun NELFUND a 2024, ta intanet ake nema, kuma matasanmu za su zauna a ofis ranar Asabar su taya duk mai so cikewa.

Sakatare yana bakin ƙofa da takarda. Duk mai ɗa ko 'ya a babbar makaranta, har da waɗanda suka bari, a rubuta mana suna da aji kafin a fita.