Baƙin Gurbi a Gindin Haƙora: Jawabin Kwamitin Lafiya a Taron Ƙungiya

Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa mazauna Sabon Ibadan, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma godiya da aka ba kwamitin lafiya wannan fili.

Yau batun haƙori ne ya kawo mu. Da yawanmu in mun dubi madubi mukan ga wani ɗan baƙin gurbi mai kusurwa uku tsakanin haƙora biyu, can wajen dasashi. Wannan ba wushirya ba ce, domin wushirya halitta ce, ado ma ce. Ba kuma giɓi ba ne, tunda haƙorin bai faɗi ba. Akwai ɗan tsiron nama da ke cike tsakanin kowaɗanne haƙora biyu. In ya janye, sai duhun cikin baki ya riƙa leƙowa ta wurin. To, baƙin da muke gani ke nan.

Me ke janye shi? Babban dalili shi ne ciwon dasashi. Dattin da ke taruwa a gindin haƙori cike yake da ƙwayoyin cuta. In ba a goge shi ba, sai ya daskare ya yi tauri kamar dutse, buroshi ba ya iya ciro shi. Daga nan dasashi ya kumbura, ya riƙa jini, baki ya yi wari. In aka ƙyale, cutar ta gangara ta soma cin ƙashin da ke riƙe da haƙori. Naman nan kuwa a kan ƙashi yake zaune: ƙashi ya yi ƙasa, shi ma ya bi shi. Wani likita a Amurka, Dennis Tarnow, da abokan aikinsa sun auna wannan a 1992. Sun ga in tazarar da ke tsakanin ƙashi da inda haƙora biyu suka haɗu ba ta wuce milimita 5 ba, kusan kullum naman na nan. In ta kai milimita 7, mafi yawan lokuta ya tafi. Ku dubi ƙanƙantar abin, jama'a, milimita 2 kacal!

Kada wani ya ce wannan cutar Turawa ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna mutum sama da biliyan 1 na fama da matsanancin ciwon dasashi. Masu ciwon suga da masu shan taba sun fi shiga haɗari.

Akwai kuma ɓarnar da muke yi da hannunmu. An ci tsire, nama ya maƙale, sai a kama sakace da ashana ko tsinken tsintsiya, kullum ana danna wuri ɗaya. Wasu kuma, don su kankare jan goro, sai su dirje haƙora da gawayi ko toka ko buroshi mai tauri. Haƙori ya yi fari, amma dasashi ya sha wuya. Tsufa ma na kawo shi, haka nan sifar haƙorin wasu, mai faɗi a baki, siriri a gindi.

To, ina mafita? Da farko a je wurin likitan haƙori ya duba, ya kankare daskararren dattin nan. Ga asibitin UCH nan kusa da mu, akwai sashen haƙori. A nan muna son ku saurara da kyau. Bayan wankin, gurbin kan ƙara bayyana, har mutum ya ce likita ya ɓata masa haƙora. A'a. Datti da kumburi ne suka rufe wurin dā, ɓarnar ta riga ta auku. Wanda ya guji wanki don wannan, wata rana haƙorin zai soma girgiɗi.

In cutar ta tsaya, sai a yi maganar gyara. Likita na iya liƙa wani farin abu mai launin haƙori a gefen haƙoran ya toshe gurbin. Yana iya ɗan rage gefensu ya sa waya ta matso da su. Akwai allurar da ke ɗan cika naman, amma ba ta dawwama. Sai dai mu sani, ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa, shi ya sa aka ce rigakafi ya fi magani.

Saboda haka, a goge baki sau 2 a rana, minti 2, da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, musamman kafin barci. Mai asuwaki ya tauna bakinsa ya yi laushi, ya goga a hankali. Tsakanin haƙora kuma a yi amfani da zaren sakace na kyamis. Iyayenmu mata, a sa ido kan yara. Duk wanda dasashinsa ke jini in yana goge baki, kada ya jira sai ciwo ya kayar da shi, domin wannan cuta ba ta cika zafi ba sai ta yi nisa.