Idan Rediyo Ta Rikita Na'urar Tuƙi: Darasi Daga Masu Haɗa Jirgin Sama a Gida

An nemi in yi bayani a kan wani ɓangare na aikin jiragen sama, na kuwa zaɓi wata matsala da ke addabar masu haɗa ƙananan jirage da hannunsu, domin yadda ake gano bakin zarenta zai amfani duk mai sana'ar hannu.

A ƙasar Amurka doka ta yarda mutum ya haɗa jirginsa a garejin gidansa, muddin shi ya yi fiye da rabin aikin. Masu wannan sha'awa suna da ƙungiya mai suna EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, kuma tun 1970 suke taronsu na shekara a garin Oshkosh. Kamfanin Van's da ke jihar Oregon yana sayar musu da sassan jiragen da ake kira RV, waɗanda fiye da 10,000 daga cikinsu sun tashi sama. Mu ma abin ya taɓa mu, domin jirgin koyon tuƙi na Air Beetle, wanda aka harhaɗa a Kaduna saboda sojojin saman Nijeriya a shekarun 1990, daga samfurin RV-6A aka samo shi.

Da yawa daga masu waɗannan jirage suna sanya musu na'urar tuƙi, wato otofailot. Aikinta shi ne ta riƙe jirgi a kan hanya ɗaya da tsayi ɗaya, ta hanyar wasu ƙananan injunan lantarki da ke motsa sassan fikafikai da na wutsiya. Matsalar ita ce, wani lokaci da zarar matuƙi ya danna maɓallin magana a rediyo, sai jirgin ya ɗaga hanci ko ya sunkuya ko ya karkata, in ya saki maɓallin kuma sai ya daidaita. A can sama abin tsoro ne kawai. Amma matuƙi ya fi yawan magana da hasumiya lokacin da yake kusa da sauka, inda babu sararin gyara kuskure, a nan ne abin kan iya zama sanadin rai.

Me ke jawo haka? Kowa ya san ƙugin da rediyon ɗaki ke yi idan wayar salula ta kusa ringi a gefenta. To, abin ɗaya ne. Rediyon jirgi tana aiki tsakanin megahaz 118 zuwa 137, da ƙarfin da ya kai wat 10 ko kusa da haka. A wannan zango, waya mai tsawon santimita 60 kan zama eriya ba tare da an nufa ba. Idan wayoyin na'urar tuƙi suka kwashi wannan ƙarfi, sai kayan cikinta su mayar da shi wutar da na'urar za ta ɗauka umarni ne. Hanya ta biyu kuma ta wuta ce: rediyo tana jan wuta da yawa lokacin magana, in kuwa waya ɗaya take rabawa da na'urar tuƙi, ƙarfin wutar zai faɗi na ɗan lokaci, na'urar ta rikice.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikin mai gyara shi ne neman tsagar, kuma a ƙasa ake nemanta, jirgi yana tsaye. Da farko a kunna na'urar tuƙi, a danna maɓallin magana a farkon zango da tsakiyarsa da ƙarshensa, ana kauce wa 121.5 da aka keɓe don kiran gaggawa, a rubuta abin da sandar tuƙi ta yi a kowane gwaji. Daga nan a cire eriya, a maye gurbinta da wata na'ura mai om 50 da ke shanye ƙarfin rediyo ba tare da ta watsa shi ba. Idan matsalar ta ɓace, daga eriya take fitowa. Idan tana nan, to laifin yana ga wayar eriya, ko mahaɗinta, ko wayoyin wuta. Wannan gwaji guda ɗaya ya raba aikin gida biyu.

Idan eriya ce, a auna yawan ƙarfin da ke komowa baya maimakon ya fita, a duba ko gindinta ya manne da jikin jirgi ba tsatsa ba fenti. Jirgin da aka yi da katako ko faiba ba shi da jikin ƙarfe, saboda haka sai an shimfiɗa farantin alminiyom ko tsirin tagulla a ƙarƙashin eriyar. Idan waya ce, a sake ɗaure mahaɗin, a kuma sauya RG-58 da RG-400 mai rufi biyu. A raba wayar eriya da wayoyin na'urar tuƙi, kada a ɗaure su dami ɗaya, in dole su haɗu su gicciye juna. A ba kowace na'ura wayar wutarta, a tara wayoyin nagetif wuri guda. Zoben ferait, irin kumburin da ake gani a wayar kwamfuta, yana taimakawa, amma bayan an toshe tsagar ake sa shi.

Sharaɗin duka shi ne a canza abu ɗaya, a gwada, a rubuta, sannan a matsa gaba. Wanda ya canza abu biyar a lokaci guda, ko da jirgin ya gyaru, bai san abin da ya gyara ba, kuma ranar da matsalar ta dawo zai koma farko. Wanda ya yi gaggawar sayen sabuwar na'ura kuwa, sau da yawa yakan tarar laifin yana ga mahaɗin da bai kai kuɗin cefane ba. Bayan an gama a ƙasa, sai a yi gwaji a sama da tsayi mai yawa, yatsa yana kan maɓallin kashe na'urar tuƙi.

'Yan'uwa, a cikinmu akwai makanikai da masu gyaran wuta da masu haɗa sola, akwai kuma 'ya'yanmu da ke burin shiga Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Wannan tsari shi za su tarar a can, kuma tun daga shago ake koyonsa. Ina roƙon iyayen gida su saba wa yaransu da littafin rubuta gwaji kamar yadda suke saba musu da sifana.