Kafin a buga ganga, a ƙidaya ƙofofi

 

Zan fara da abin da ya faru a Konakiri, babban birnin ƙasar Gine, ranar 29 ga Yuli 2014. An shirya wasan mawaƙa a bakin teku, a Rogbane, domin shagalin ƙaramar salla. Da aka tashi, dubban mutane suka nufi mafita guda mai ƙunci, aka yi turereniya, mutum fiye da 30 suka rasu, da yawansu yara ne. Gwamnati ta sa makokin mako guda, amma makoki ba ya maido da ɗa ga uwarsa.

Kada mu ce talauci ne ya jawo. A Duwisbur ta ƙasar Jamus, ranar 24 ga Yuli 2010, mutum 21 suka mutu a wani bikin kiɗa, don masu shiga da masu fita sun yi karo a hanya guda. An yi ta shari'a har 2020, aka rufe ta ba a hukunta kowa ba.

Masana sun bayyana yadda abin yake. In mutum shida ko fiye suka cunkushe cikin mita ɗaya murabba'i, ƙirji ba ya samun wurin numfashi, sai mutum ya shaƙe yana tsaye. Fili yana iya zama mai faɗi, ƙofa ce ke kisa.

To, mu ma muna tara jama'a a sarari lokacin salla da lokacin yaƙin neman zaɓe. Alhaji, in kai ka zuba kuɗinka, kada ka sayar da tikiti fiye da abin da wurin zai ɗauka. Malam ma'aikaci, in takardar neman izini ta zo teburinka, taka ƙafa ka ga wurin kafin ka sa hannu. Ƙofa nawa ce? An raba ta shiga da ta fita? Za a bar su a buɗe, da fitila, har ƙarshen wasa? Motar asibiti da ƴan kashe gobara za su samu hanya? Wa ke da ikon tsaida kiɗa in cunkoso ya yi yawa?

In amsa ba ta gamsar ba, a hana izini, ko wasan na jam'iyya mai mulki ne, ko na ƴan adawa. Sa hannun nan amana ce, kuma rayukan ƴaƴanmu ne a cikinta.

Allah ya kiyaye mu.