Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Jawabi Kan Wasan Cas da Kwamfuta



Dara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tamu ta gargajiya gidaje 30 gare ta, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Ita kuwa darar da ake kira cas gidajenta 64, kowane ɓangare da 'ya'ya 16. Abin da ya tara mu yau shi ne baƙon da ya shigo wannan wasa, wato kwamfuta, da yadda ya kamata mu yi hulɗa da ita wajen nazarin wasa.

A watan Mayu na 1997, a birnin New York, na'urar Deep Blue ta kamfanin IBM ta ka da zakaran duniya Garry Kasparov, tana auna kimanin zama miliyan 200 a daƙiƙa guda. Yau kuwa manhajar Stockfish, wadda ake samu kyauta, ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma tana cikin wayar aljihun ɗalibi. Saboda haka gardamar wa ya fi wani ta ƙare. Saura tambaya ɗaya: shin za ta ƙara mana basira, ko za ta raba mu da ita?

Da yawanmu, in mun kammala karatu, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa za mu nufa, ko ofisoshin da ke hulɗa da su. To, mu ɗauki misali daga majemun Challawa. Inji yana iya auna faɗin fata da kaurinta cikin ƙiftawar ido, amma ma'aikacin da bai taɓa koyon sanin fata da hannunsa ba, ranar da aka ɗauke wuta ya zama ɗan kallo. Haka kwamfuta take a kan allon cas. Lamba take ba mu, alal misali +1, wato farare sun yi fifiko da kimanin dakare ɗaya, amma ba ta faɗin dalili. Dalilin kuwa shi ne ilmin.

Don haka muna ba da shawara huɗu. Na farko, in mun gama wasa, kada mu yi gaggawar kunna manhaja. Mu zauna da allo da takarda, mu nemo inda muke zaton wasan ya juya, mu rubuta takun da muke ganin ya fi, da hujjarmu.

Na biyu, sa'an nan mu tambaye ta, mu kuma ba ta lokaci, domin amsarta ta daƙiƙar farko takan canza in ta zurfafa. Mu sa ta nuna mana taku uku mafiya kyau maimakon ɗaya. In tazararsu kaɗan ce, mu zaɓi wanda muka fahimta.

Na uku, in ta ƙi takunmu, mu buga shi a gabanta mu ga yadda za ta hukunta shi, har sai mun iya bayyana kuskurenmu da bakinmu, da Hausa, ga abokin da bai ga allon ba.

Na huɗu, mu san inda maganarta ta zama yankakkiya. Tun 2012 aka gama lissafin duk wani zama mai 'ya'ya bakwai ko ƙasa da haka, a Jami'ar Moscow. A nan babu musu. A sauran wurare kuwa kintace ne take yi, ko da ya fi namu kyau.

'Yan'uwa, a zauren gasa an hana shiga da waya, wanda aka kama da ita kuwa ya yi asarar wasa da mutunci. Can sai abin da ke cikin ka. Magabata sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Mu fara yin tunaninmu tukuna, kana mu kai wa na'ura ta duba mana, a kan allo da kuma wurin aiki.