Jawabin da aka gabatar a taron makiyaya da fataken shanu a Tamale kan wutar daji da shirin rage hayaƙi

 

Shugaban taro, sarakunan Fulani, ardo-ardo, iyayenmu dattawa, fatake da dillalai da kuka taso daga Gushegu, Karaga, Savelugu da Buipe, muna yi maku barka da zuwa, Allah ya saka da alheri.

Bayan haka, abin da ya tara mu yau shi ne maganar rage hayaƙin da ake kira iskar kabon, wadda masana suka ce ita ke ƙara zafin duniya, tana rikita damina. A shekarar 2015 ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniya a birnin Paris na ƙasar Faransa cewa kowa zai rage nasa, Ghana kuwa na ciki. Kada wani ya ce wannan zancen mutanen Akara ne. Alkawarin da aka ɗauka a can, majalisun gundumomi ne za su cika shi, irin majalisar birnin Tamale da maƙwabtanta, kuma a dajin da muke kiwo za a cika shi.

A nan arewa ba mu da manyan masana'antu. Hayaƙinmu daga wutar daji yake, da sare itace, da gawayi. Shi ya sa a 2020 asusun duniya na sauyin yanayi ya amince da shirin farfaɗo da dajin kaɗanya, aka ƙaddamar da shi a nan Tamale a 2022, ƙarƙashin hukumar gandun daji. Cikin abin da aka tsara har da dasa kaɗanya miliyan 1 da dubu 750, da kuma damƙa wa al'ummomin ƙauyuka kula da dajin da ke kewaye da su. Itace yana shan wannan iska yana adana ta a jikinsa, in ya ƙone sai ta koma sama. Lissafin ke nan.

To jama'a, mu ba abokan gaban itace ba ne. Wa ya fi mu sanin amfanin maɗaci da kawo da madobiya idan bazara ta yi tsanani, ciyawa ta ƙare? Da aka yi ta sare madobiya ana kai wa ƙasar Sin a shekarun 2010, shanunmu ne suka fara jin yunwar. Amma akwai abubuwa biyu da ke ba mu tsoro. Na farko, a dasa itace a kan burtali ko bakin mashaya ba tare da an tambaye mu ba, gobe saniya ta taka dashe a ce tara. Na biyu, duk wutar da ta tashi a ce Bafillace ne, alhali akwai mafarauta masu neman gafiya da zomo, da masu ɗiban zuma, da masu gawayi, da mai sharar gona.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai yaranmu da ke sa wuta don ciyawa ta yi tofo. Wutar farkon kaka, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, tana tafiya a hankali, tana barin wasu wurare, ba ta kashe ƙananan itatuwa. Wutar Janairu da Fabrairu kuwa, da iskar hunturu a bayanta, ba ta barin komai: ta cinye abincin shanu, ta kashe kaɗanyar da ke bukatar wajen shekara 15 kafin ta yi 'ya'ya, wani lokaci har ta shiga rumbun manomi. Dattawanmu ba su manta da 1983 ba, shekarar fari da gobara da yunwa.

Bayan waccan masifa ne aka yi dokar PNDC mai lamba 229 ta 1990. Dokar ta hana ƙona daji barkatai, ta kuma umurci kowace majalisar gunduma ta kafa kwamitin hana wutar daji, garuruwa su sami 'yan sa-kai na kashe gobara. A irin wannan kwamiti ake yanke shawarar da za ta shafi garkenka. Wanda ba ya wurin rabo, sai abin da aka rage masa.

Saboda haka ƙungiya ta tsai da shawarwari huɗu. Ɗaya, kowane ardo ya ba da sunayen mutum biyu da za mu miƙa wa majalisa da sarakunan ƙasa, a sa su cikin kwamitin wuta da 'yan sa-kai. Biyu, mu nemi a zaga da mu a shata burtali da mashaya a rubuce kafin a haƙa ramin dashe. Uku, duk ƙuna ta zama da izini, a farkon kaka, da sanin sarkin gari, bayan an share layin tsai da wuta. Huɗu, mu koma ga tara harawa da karan dawa da bambaron shinkafa tun kaka, mu kuma riƙa yi wa manomi taki a gonarsa kamar yadda iyayenmu suka yi.

Ku kuma fatake, kada ku ce wannan na masu ruga ne. Saniyar da ta rame a bazara, ku ne za ku kai ta Kumasi ko Tulaku a yi maku tayin wulaƙanci. Muna roƙonku ku isar da saƙon nan a kowace kasuwa.

Za a fara karɓar sunaye da zarar an tashi daga wannan zama. Allah ya albarkaci dukiyarmu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.