Jawabin kwamitin ɗakin karatu: a kafa wa ƙananan yara rumfar wasa

 

Maganar yau ta ɗakin karatunmu ce. Kowa ya san abin da ke faruwa: ƴar lakkwal ta zo aron littafi da ƙanenta a hannu, yaron ya yi kuka ko ya yage takarda, sai mu ce su fita. Ƙanen ya ɗauka wurin littafi wurin tsawa ne, yayar kuma ba ta sake dawowa. Mun yi hasarar yara biyu ke nan, kuma laifin namu ne.

Saboda haka muke roƙon a kafa rumfa a jikin ɗakin, domin yaran da ba su isa shiga lakkwal ba. A shimfiɗa tabarmi, a zuba rairayi mai tsabta, a ajiye yumɓu, karan dawa, ƙore, ludaya da gwangwanayen da aka daddaƙe bakinsu. Yaro ya gina saniya, ya haɗa motar kara, ya auna rairayi ya ga ludayi nawa ke cika ƙwarya. Ƙidaya ke nan ta fara.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A 1907 wata likita, Maria Montessori, ta buɗe gidan yara a wata unguwar talakawa ta birnin Roma, ƙasar Italiya. Ta yanka haruffa da takarda mai kaushi, yara suna bin su da yatsa, har suka fara rubutu. Yau ɗakunan karatu da yawa a Faransa da Amurka suna da irin wannan wuri. Mu rairayi ya ishe mu: yatsa ya zana harafi, tafi ya share.

Wani zai ce ai a gida ma suna wasa. Gaskiya ne. Amma a nan littafi mai hotuna yana kusa, ga babba mai buɗe shi yana nuna musu, yana yi musu tatsuniya. Wani zai ce hayaniya. Shi ya sa muka ce rumfa a waje, masu karatu a ciki.

Sharuɗɗa uku ne. Na ɗaya, kada a kawo tsakuwa, ƴaƴan dara ko duwatsun wuya, don ƙaramin yaro komi baki yake kai shi. Na biyu, a ajiye buta da sabulu, a wanke hannu kafin a taɓa littafi. Na uku, kada a bar yara su kaɗai: mata biyu kowane yammaci, bi da bi.

Samari, dirkoki da zana suna wuyanku. Iyaye mata, ku ba magatakarda sunayenku kafin a watse. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya raya mana su. Wassalam.