Daga Ina Mai Koyon Rumbun Bayanai Zai Fara? Jawabin da aka Gabatar a Zaman Matasa na Taron Shekara



An ɗora mana nauyin yin bayani a kan yadda mai sha'awa zai fara koyon sarrafa rumbun bayanai na kwamfuta, wato irin manhajar da bankuna da jami'o'i ke adana sunaye da lissafi a cikinta, su kuma zaƙulo abin da suke nema cikin ƙiftawar ido. Ire-irenta suna da yawa, amma mun zaɓi PostgreSQL, domin kyauta ce, ba a biyan ko kwabo na lasisi, kuma manyan kamfanoni na aiki da ita. Asalinta wani bincike ne da Farfesa Michael Stonebraker ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a Amurka, tun 1986, aka kuma raɗa mata wannan suna a 1996.

Matsalar mai koyo a yau ba ƙarancin kayan karatu ba ce, yawansu ne. Sai matashi ya ƙarar da datarsa wajen kallon bidiyo bayan bidiyo, wata uku bai rubuta umarni ko ɗaya da hannunsa ba. Shawararmu ita ce a fara da littafin jagora na masu manhajar kansu, wanda ke shafinsu na intanet, ana kuma iya sauke shi a matsayin PDF a karanta ba tare da data ba. Kada kaurinsa ya razana ku, kashi na farko kawai kuke buƙata. A nan za a sa ku ƙirƙiri jadawalin yanayin garuruwa, ku zuba masa bayanai, ku yi masa tambaya da harshen SQL, sa'annan ku haɗa shi da wani jadawalin. A kula, kowace shekara ana fitar da sabon zubi na manhajar, ana kuma ci gaba da gyara kowane zubi har shekara biyar, saboda haka a karanta littafin da ya dace da zubin da aka ɗora.

Akwai darasi guda a wannan kashi da muke so ku tsaya a kansa. An kawo misalin tura dala 100 daga asusun wata zuwa na wani. Aiki biyu ne, a cire a nan, a ƙara a can. To idan wuta ta ɗauke bayan an cire, kafin a ƙara fa? Mu da muka san halin lantarkinmu ba sai an yi mana dogon sharhi ba. Rumbun yana ɗaure ayyukan biyu tsakanin umarnin BEGIN da COMMIT, ko dai su tabbata gaba ɗaya, ko a koma kamar ba a taɓa komai ba. Wanda ya fahimci wannan ya san dalilin da ya sa banki ba ya riƙe asusun jama'a a Excel.

Game da kayan aiki kuwa, manhajar na zuwa da psql, baƙin allo da ake rubuta umarni a ciki. Ba shi da kyan gani, amma mu shi muka fi so ga sabon shiga, domin yana tilasta wa hannu ya saba. Umarnin \dt zai jero maka jadawalanka, \h kuma ya tuna maka yadda ake rubuta abin da ka manta. Akwai pgAdmin da DBeaver masu maɓallai da tagogi, a koma gare su daga baya. Don motsa ƙwaƙwalwa, shafin PostgreSQL Exercises na ba da tambayoyi a kan bayanan wani kulob na ƙirƙira, mambobinsa da wuraren wasanninsa, yana kuma duba amsarka nan take. Wanda kwamfutarsa ta tsufa ya fara da SQLite, wadda Richard Hipp ya fitar a 2000. Rumbunta duka fayil ɗaya ne, kuma mafi yawan abin da aka koya a can zai yi amfani a nan.

Bayan haka sai mutum ya gina nasa, da abin da ya sani ciki da bai, kamar rajistar aji ko littafin bashin kanti. A nan ake gamuwa da abin da littafin Bature bai damu da shi ba. Lambar wayarmu da sifiri take farawa, in aka ajiye ta a matsayin adadi sifirin zai ɓace, don haka a ajiye ta a matsayin rubutu. Kuɗi a ba su nau'in numeric, kada kwabbai su riƙa kaucewa wajen lissafi. A kuma tabbatar rumbun yana kan tsarin UTF8, domin ƙ da ɗ da ɓ na sunayenmu su fito daidai. Sai dai a yi gwajin da sunayen ƙarya. Tun 2023 Nijeriya na da dokar kare bayanan mutane, ba daidai ba ne kuma a zuba sunaye da lambobin jama'a a kwamfutar gwaji.

Saura abu guda da masu koyo kan bari sai ƙarshe, mu kuwa muna so ya shigo a makon farko, wato kwafin ajiya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Umarnin pg_dump na kwashe rumbun gaba ɗaya zuwa fayil guda. A ajiye fayil ɗin a wani wuri dabam da kwamfutar, sa'annan a buɗe sabon rumbu a gwada mayar da shi, a ƙirga layukan a ga ko sun cika.

 Yanzu sai tambayoyi.